Hirar Tsofaffin 'Yan Kallo a Bakin Kogin Haɗejiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in gana da 'yan'uwana masu karatu. A takardata ta baya na yi alkawari zan yi magana a kan tsadar kifi a kasuwarmu. To, jama'a su gafarce ni, yau na karya alkawari, gama wani abu ya auku wanda ya tsaya mini a rai, ba ni kuwa da sukuni sai na faɗe shi. Wani dattijo ya rasu a unguwarmu ran Talatar da ta wuce. Ba sarauta gare shi ba, ba dukiya, ba kuma wanda zai kai labarin rasuwarsa gidan rediyo. Amma ya tafi da wani abu wanda na yi sakaci ban karɓa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A kan hanyata ta komawa gida daga ofis akwai wani itacen maina, daura da hanyar da ke gangarawa kogi. Nan dattawa huɗu su ke zama kullum daga la'asar har a kira magariba. Na fari tsohon mahauci ne, wanda ya yi dambe da ƙuruciyarsa, shi ne marigayin. Na biyu masunci ne, mai son kokawa. Na uku ya yi aikin reluwe a tashar Malam Madori har ya yi ritaya. Na huɗu kuwa tsohon malamin makaranta ne, shi ba ya da magana sai ta tamaula. Ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Da fari gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, in durƙusa in ce, "Barkanku da hutawa, Baba," su ce, "Barka kadai, Malam Akawu, an taso?" in wuce. Ran nan hadari ya tsare ni wurinsu, na iske suna gardama kamar za su ɗaga sanduna, ashe a kan wani dambe ne da aka yi shekara hamsin da wani abu da suka wuce. Tun daga ranar na zama na biyar ɗinsu, ko da ya ke nawa sauraro ne kurum.

Domin 'yan'uwanmu da suka tashi a bariki, waɗanda ba su taɓa tsayawa a fagen dambe ba, bari in ɗan bayyana yadda a ke yinsa, kamar yadda marigayin ya koya mini. Ɗan dambe ya kan naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma, a bi da zare a ɗaure tam, wannan hannu shi ne mashi. Ɗayan hannun a ke miƙa wa abokin karawa a buɗe, shi ne garkuwa, da shi a ke tarewa, da shi a ke auna nisa. Ana yin turmi uku. Wanda ya kai abokinsa ƙasa, ko da gwiwa ce ko hannu ya taɓa, an ce ya kashe shi ke nan, ko da ya ke wanda aka kashe zai tashi ya karkaɗe jikinsa. In turmi uku suka ƙare ba kisa, sai a raba su. Asalin wasan na mahauta ne, kiɗansa kuwa kalangu, kamar yadda kokawa ta ke ta manoma, shaɗi na Fulani, langa ta yara. Da kaka mahauta su kan bi ƙauyuka inda a ke buki, su yi yanka su sayar da rana, da dare kuwa samarinsu su kara da samarin garin.

Abin da ya fi kawo gardama gindin mainan nan shi ne sunayen mazan jiya. Da an ambaci Shago, sai tsohon ma'aikacin reluwe ya gyara zama ya ce ba a yi kamarsa ba, ba kuwa za a yi ba. Masunci ya ce a'a, Ɗandunawa fa? Malamin makaranta ya jefo Ado Ɗan Kore domin ya ƙara wa wuta itace. Haka za su yi ta yi, kowa yana kwatanta yadda gwaninsa ke tsayuwa da yadda ya ke kai hannu, har da tashi tsaye ana gwadawa. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ku gafarce ni, a cikinku wa ya taɓa ganin Shago da idonsa?" Sai wuri ya yi tsit. Can marigayin ya yi dariya ya ce, "Yaron nan ya kama mu. Ba wanda ya gan shi. Ɗan Anace ne ya nuna mana shi." Watau dai duk abin da suka sani na mutanen nan, waɗanda su ke can yamma wajen ƙasar Sakkwato da Zamfara, daga bakin makaɗin nan Ɗan Anace suka ji, ta akwatin rediyo da kaset.

Sa'an nan ya ƙara da maganar da ta sa na ke rubuta wannan takarda. Ya ce, "Malam Akawu, mu ma nan ƙasar Haɗejiya mun yi maza. Na ga wani bahago daga wani ƙauye na wajen Auyo, zamanin Sarki Haruna, wanda ya yi kaka bakwai gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Shi ya kashe ni, shi ya sa na ajiye zare. Yana da makaɗinsa, yana da kirarinsa. Amma makaɗin nan ba wanda ya ɗauki muryarsa a na'ura, ya mutu da waƙarsa a ciki. Yau in ka je ƙauyen ka tambayi samari, ba wanda zai ce maka ya taɓa jin labarinsa. Da Shago bai sami Ɗan Anace ba, da shi ma haka zai zama." Na juya wannan magana a raina, na ga gaskiya ce. Ƙarfin hannu da mai shi ya ke tafiya kabari. Abin da ke saura shi ne abin da aka adana.

Ku sani fa, hirar dattawan nan ba ta tsayawa ga dambe da kokawa kaɗai. Da sun ɗauko labarin wani wasa, sai ka ga duk zaman duniya na wancan zamani ya biyo shi, kamar yadda in ka ja igiyar taru kifi ke biyowa. Masuncin shi ya fi iya wannan. Ya ce a da kogi ne ke yanka musu shekara. Ruwan da ya sauka can ƙasar Kano, kogin Kano da na Challawa su haɗu su ɗauko shi, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya iso mana wajen tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. Ya malale fadamu tun daga Auyo har Kiri Kasamma da Guri, ya nufi Nguru da Gashuwa, inda ruwanmu da na kogin Jama'are su ke zama kogin Yobe mai zuwa Tafkin Cadi. Kafin ya iso an shuka shinkafa. Da ya fara janyewa sai su: tarwaɗa, da karfasa, da gargaza, da ragon ruwa, da ƙurungu, kowa da gorarsa da homarsa. A bi danshin da ya bari a shuka wake da sauransu. Fulani su gangaro da shanu. Tsuntsaye baƙi su iso daga Turai su cika tafkunan Baturiya. Sa'ad da aka kai amfanin gona rumbu, ga ƙoshi, ga farin wata, ga sanyi ya fara, to, sa'an nan ne a ke jin ganga daga ƙauye zuwa ƙauye.

Ya ce sun sha tafiyar rabin yini a ƙasa domin kallon kokawa, inda ruwa ya tare hanya su cire riguna su ɗora a ka, ko su kama gora su haye. Ba a biyan ko anini a bakin fage. Baƙo ba ya tambayar inda zai kwana, gama kowane zaure masauki ne, tuwon shinkafa da miyar kifi kuwa har a bar saura. Wanda ya yi kaye, abin da zai samu shi ne damin gero, ko riga, ko goro, in mai gari ya ji daɗi ƙwarai ya ba shi tunkiya. Amma babban abin shi ne suna. 'Yammata su sa shi a waƙar dandali, iyaye kuma ba su jan rai in ya aiko neman aure. Tsohon ma'aikacin reluwe ya kan karɓa daga nan. Ya ce tun da hanyar jirgi ta kai Nguru a 1930, Malam Madori ta zama kasuwar gyaɗa. Da kaka buhuna su taru, 'yan dako su zo daga ko'ina, kuɗi su yi yawa hannun mutane, 'yan dambe da makaɗansu su sauko daga jirgi su kwana biyu su wuce gaba. Shi lissafinsa har yau da fam da sule ya ke yi, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ko da ya ke tun 1973 aka kawo naira.

To, me ya sake wannan zama? Dattawan sun ce zuciyar samari ce ta mutu. Ni kuwa, da na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mu ke bin lissafi a ofis, sai na ga ba a zuciya abin ya faro ba. An yi babban fari a 1973. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974. Cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, cinikin da ke cika tasha ya karye. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa. Tun daga nan ruwa ya bar bin tsohuwar al'adarsa. Malalen damina ya ragu, da rani kuwa, sa'ad da a da kogi ke ƙafewa ya bar rairayi, sai ruwa ya riƙa gudana. Wannan ya yi wa ciyawar nan kacala daɗi, ta tsiro ta toshe hanyoyin ruwa. Wani wuri ya rasa ruwa, wani wuri ruwa ya kwanta a kan gonaki shekara da shekaru, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami maɓuya a cikinta suna cin shinkafa. In kuwa damina ta yi ƙarfi sai ambaliya, irin wadda muka gani a 2020 da 2022, wadda ba mahalukin da ke nan da zai manta da ita.

Kada a ce na zargi madatsun nan gaba ɗaya, gama sharri da alheri tare su ke tafiya. Birnin Kano yana sha daga ruwan nan. Mu ma nan noman rani ya bunƙasa, ga injin ban ruwa a kowane lungu na fadama, ga alkama, ga shinkafa, ga tumatir da tattasai da albasa ana lodi zuwa Kudu. Mutane da yawa sun yi rufin kwano da kuɗin noman rani. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Saurayin da a da in ya kai gero rumbu ya sami wata uku ko huɗu na hutu, yau ran da ya gama girbi ran nan zai fara gyaran fadama. Wanda ba ya da fadama ya hau babur yana haya, ko ya tafi cin rani Legas ko Abuja. Wasan da aka gina a kan hutun kaka, in hutun ya tafi, ina zai tsaya? Ruwa ba ya tsami banza. Dambe bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya koma manyan garuruwa, cikin gidajen da aka kewaye, a biya a ƙofa a shiga, 'yan wasa sun rabu ƙungiya ƙungiya, Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa, ana ɗaukarsu a waya duniya tana kallo.

Wannan biya a ƙofa shi ne abin da ya fi ɓata wa masuncin rai. Ya ce wasan da kuɗi ya shiga ya tashi daga wasa ya koma ciniki. Na gaya masa wani abu da na karanta tun ina makarantar Mishan. Can arewacin Ingila akwai wani wasa da a ke kira ragbi, ana ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga, abokan karawa su kama mutum su kayar, kusan rabinsa kokawa ce. A da, masu yinsa a can yawancinsu ma'aikatan ramin kwal ne da na masaƙa. In mutum ya bar aiki ran Asabar domin wasa, sai a yanke masa ladan ranar. Ƙungiyoyinsu suka ce a bari su biya 'yan wasa abin da suka rasa, manyan da ke riƙe da wasan, waɗanda ba su san rashin ladan yini ba, suka ƙi. Saboda haka a 1895 ƙungiyoyi 22 suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, suka kafa nasu, wanda daga baya ya zama na mutum 13 kowane gefe. Na ce, "Baba, ka ga talaka ko'ina ya ke ba ya iya yin wasa da yunwa. Ku a zamaninku rumbu ne ya biya ku. Yaran yanzu ba rumbun, dole a biya su a hannu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Akawu, bakinka ya fi shekarunka." Ban sani ba ko yabo ne ko zagi.

Malamin makaranta kuwa, shi kukansa dabam ne. Ya kan ba da labarin ran 22 ga Maris 1980, da 'yan wasan Nijeriya suka ci Aljeriya 3 da babu a Legas suka ɗauki kofin Afirka, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Ya ce mutum ya fi talatin a ƙofar gidansa kewaye da rediyo guda, ana tsoro kada batir ya mutu. Ya kan tuna Raccah Rovers ta Kano da ta zama zakarar ƙasa a 1978, da Rashidi Yekini da ya riƙe raga yana kuka a Amurka a 1994. Ma'aikacin reluwe ma ya kan sa baki da labarin Dick Tiger, wanda ya yi damben Turawa da wani Ba'amurke a Ibadan a 1963 ya yi nasara. Abin da ke damun malamin shi ne, jikokinsa sun haddace sunan kowane ɗan wasa na Arsenal da Barcelona har da na benci, amma ba su iya kawo sunan mutum uku da suka buga wa garinsu. Ya ce a da yaro gwaninsa maƙwabcinsa ne, yana ganinsa a kasuwa, yana sa rai ya zama kamarsa. Yanzu gwaninsa yana wata ƙasa, bai ma san an haife shi ba.

Jama'a, ni akawu ne, an kuwa koya mini kada in rufe littafi sai na duba shafi biyu, na shiga da na fita. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ba su ce bara ba ta da aibi ba. Na lura kakar bahagon nan da bai faɗi ba, in yau bakwai ce, gobe ta kan zama tara. Na lura kuma akwai abin da dattawan ba su cika so a taɓo ba. Marigayin kansa yatsunsa biyu na dama ba su lanƙwasuwa, haƙoransa na gaba kuwa tun yana saurayi ya bar su a fage. Da na matsa masa, ya faɗa mini abokansa biyu da suka rasa ido, da wani da ya sha naushi a ka bai ƙara komawa daidai ba, ba likita kusa, sai tofi da saiwa. Ya ce da yawa cikin waɗanda aka yi wa kiɗa sun tsufa ba su da ko akuya. A zamanin nan da a ke yabo, ƙyanda ta kan share yaran unguwa cikin wata guda, mai naƙuda kuma a ɗauko ta a kan jaki ko amalanke daga ƙauyen da ruwa ya yanke. Wanda ya ce a mai da mu can, to, ya karɓa duka, kada ya tsinci farin wata da tuwon shinkafa ya bar sauran.

Wata rana wani saurayi, jikan masuncin, wanda ke zuwa dambe Kano, ya kawo wa kakansa saƙo ya iske ana rena 'yan zamani. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, ku yi haƙuri. Ku kun yi dambe wata uku a shekara, mu muna yi kusan kullum. Ku kun kara da na ƙauyen gaba, mu muna karawa da mutanen Sakkwato da Katsina da Nijar. Karen bana shi ke maganin zomon bana." Na zaci za a kore shi. Sai marigayin ya ce ya matso, ya kama hannunsa ya jujjuya, ya sa shi ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Garkuwarka ta yi ƙasa, bahago zai same ka a nan." Ya nuna masa yadda a ke taka ƙafa a kauce. Yaron ya gwada sau uku, ya ce wallahi ba wanda ya taɓa nuna masa wannan. Ran nan na ga da tsohuwar zuma a ke magani. Na kuma gane gardamar wa ya fi wa ba ta da amfani, gama tsoho da yaro kowa yana riƙe da rabin abu guda.

Yanzu ga laifina, ba kuwa zan ɓoye shi ba. Bayan wannan, marigayin ya ce mini, "Malam Akawu, tun da ya ke kai mai alƙalami ne, ka zo da littafi wata rana in faɗa maka su duka, da sunan kowa da na ubansa da garinsu, da wanda ya kashe da wanda ya kashe shi, da makaɗinsa. Sun fi arba'in a kaina." Na ce to, Baba, ran Asabar. Asabar ta zo, ƙarshen wata ne, ina fama da takardun albashi. Na ce ta gaba. Ta gaba aka yi bukin suna a gidan surukaina. Littafin ma na saya, yana nan cikin aljihun tebur da fararen shafuffukansa. Haka na yi ta cewa gobe har wata huɗu, sai ran Talata da asuba aka buga mini ƙofa. Bayan an dawo daga maƙabarta na tambayi sauran ukun sunan bahagon nan na wajen Auyo. Masunci ya faɗi wani suna, ma'aikacin reluwe ya ce ba shi ba ne, malamin makaranta ya ce shi dai Bahago ya san ana ce masa. Mutumin da ya yi kaka bakwai bai faɗi ba, ni na kashe shi da gobe. A makaranta malaminmu ya sha gaya mana abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Na haddace maganar domin jarrabawa, sai yau na san ma'anarta.

Ku duba maƙwabtanmu na Nijar. Tun 1975, da aka fara kokawar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, suna riƙe da sunan kowane sarkin kokawa da garin da aka yi, har yaro ƙarami ya iya jera maka su. Mu ma nan mun iya adana abin da muka ga dama. Ba ɗan Haɗejiya da bai san Sarki Buhari ba, ko Sarki Muhammadu da ya yi shahada a yaƙin Turawa a 1906. Wannan daidai ne, haka ya kamata. Amma tarihin gari bai ƙare a fada ba. Mahaucin da ya sa gari guda ya kwana yana murna, da masuncin da ya san sunan kowane tafki tun kacala ba ta cinye shi ba, su ma suna da rabo a cikin littafi. In mun bar su suka tafi, jikokinmu za su zaci ƙasar nan ba ta taɓa haifar kowa ba sai masu rawani.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na fari gare ku malaman makaranta: in an ba da hutu, ku sa kowane yaro ya zauna da kakansa ya rubuto shafi biyu, wane wasa a ke yi a garinsu, su wane ne gwanaye, ina ruwa ke kaiwa a da, wane kifi a ke kamawa. Na biyu gare ku 'yan'uwana akawuna da malaman zaure, ko da boko ko da ajami: kowa ya ɗauki dattijo guda na unguwarsu, ya rubuta abin da ya ce yadda ya faɗa, ya sa rana da shekara, in an yi saɓani ya rubuta duka biyu, kada ya gyara. Wayar da ke aljihunku ma tana ɗaukar murya, abin da makaɗin bahagon nan bai samu ba. Na uku ga hukumomin ƙananan hukumomi 8 na masarautarmu, watau Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma: in an shirya wasan gargajiya, a ajiye wa tsofaffin 'yan wasa kujera a gaba, a kira sunansu jama'a su ji, a kuma tanadi malamin asibiti a bakin fage domin yaran yanzu.

Ni dai na fara biyan bashina. Jiya da la'asar na ɗauki littafin nan na tafi gindin maina, na iske tabarma da gurbin mutum guda ba wanda ya zauna a kai. Masuncin ya ba ni sunan 'yan kokawa goma sha ɗaya da garuruwansu kafin a kira salla, ya ce in komo yau akwai saura. Zan koma, ko da takardun albashi sun kai rufin ofis. In kuwa akwai mai karatu a wajen Auyo ko Kafin Hausa wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin wani mahauci bahago na zamanin Sarki Haruna, ina roƙonsa don girman Allah ya rubuto wa Edita sunansa da na garinsu, domin in cika shafin fari da na bari a buɗe.

Allah ya ji ƙan dattijon nan, ya ba iyalinsa haƙuri, ya ja kwanan waɗanda suka saura har mu gama ji daga bakinsu, amin. Maganar tsadar kifi kuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Bakin Kogi,
Haɗejiya.